Amanar Agwagwa

Litinin, da sassafe

Gidan ya yi mini girma. Mutum biyu kawai suka fita daga cikinsa, babbar 'yata da muke kira Kyaftin da mamanta, amma sai ka ce an kwashe rabin kayan ɗaki. Auta ta tashi tana leƙa ƙarƙashin gadon yayarta, wai ko ɓuya ta yi. Na ce mata Kyaftin tana asibiti ana duba ta. Ta ce to, ta ci gaba da leƙawa.

Ɗakin da aka kwantar da ita ba a shiga da kayan wasa daga waje, ko 'yar tsana, kuma mutum ɗaya ake bari ya kwana. Shi ya sa jiya, kafin a rufe ƙofar gilashin, ta miƙo mini na'urar gem ɗinta da hannu biyu.

"Baba, ka ba Kawu abinci. Kullum fa, ba sai ka tuna ba."

Bari in rubuta a fili, don kada wata rana in karanta in ɗauka surukina nake watsa wa hatsi. Kawu agwagwa ce, a cikin gem. Gem ɗin wani ɗan ƙauye ne a bakin tafki, kana da gida da lambu da maƙwabta, kuma kwanakinsa da agogon na'urar suke tafiya: in gari ya waye a nan, ya waye a can. Kyaftin ta raini agwagwar nan tun tana ƙwai, tana 'yar shekara bakwai, yanzu ga ta da tara. Ta sa mata Kawu saboda tafiyarta ta ƙanin mamanta ce sak, ƙirji a gaba, baya yana rangaji. Shi kawun na gaske har yau bai san yana da takwara ba.

Na ce ta kwantar da hankalinta. Ni ne fa mai shafin Minti Ashirin a intanet, inda nake koya wa iyaye masu aiki yadda za su saci ɗan lokaci su buga gem tsakanin wanke kwanuka da wankan yara. Agwagwa ɗaya ba za ta gagare ni ba.

Abin da ba zan iya sawa a shafin ba, shi zan riƙa zubawa a nan.

Talata, tsakar rana

Ina cikin motar koyarwa, ina jiran ɗalibi na gaba. Wadda ta sauka yanzu tsohuwar malamar makaranta ce, ta yi ritaya ta ce sai ta iya tuƙi. Duk lokacin da muka zo shataletale sai ta saki kuloci gaba ɗaya, mota ta yi tsalle ta mutu, sannan ta juyo ta harare ni kamar ni na kashe ta. Yau ta ce mini, Malam, ka ɗage ƙafarka daga birkin gefenka, tun ɗazu muke tsaye. Na duba, ashe gaskiyarta ne. Mota a kashe, ni kuwa na danne birki iya ƙarfina.

Kawu ta ci. Ta bi ni har kan gada, kamar yadda take bin Kyaftin. Ba ta san ba ita ba ce.

Alhamis, da yamma

Likita ya ce mu jira. Kawu ta ci.

Asabar, da hantsi

Yaya, babbar yayata, ta zo da jakarta, za ta zauna da mu ta riƙe Auta. Ko zama ba ta yi ba ta buɗe firij, ta rufe, ta dube ni. Na san wannan kallon tun ina sa gajeren wando. Ta wanke kwanukan da na jiƙa tun shekaranjiya, ta tsefe kan Auta, duk tana mita. Da ta fito falo ta same ni da na'ura a hannu, sai ta tsaya.

"Ƙato da kai, da furfura a gemu, 'yarka tana kwance kai kana wasan yara?"

Na ce amana aka ba ni. Na nuna mata agwagwar. Ta sa tabarau ta duba, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wallahi tafiyar wani take yi, ta rasa wa. Da na faɗa mata sunan, dariya ta yi har ta dafa bango. Daga nan ta shige kicin ta rufe ƙofa, na ji ta buɗe famfo da ƙarfi, alhali babu sauran kwano ko ɗaya.

A shafi mutane sun fara cigiyata. Baban Tagwaye, wanda ba ya barin rubutuna ya wuce bai tsokane ni ba, ya rubuta cewa ko dai madam ta ƙwace na'urar ne a kai mini ɗauki. Na fara ba shi amsa sau uku ina gogewa. A ƙarshe na sa masa hoton dariya kawai.

Lahadi, bayan la'asar

Na je. An ba ni riga da takunkumi, na tsaya ta bayan gilashi. Ba zan rubuta yadda na gan ta ba. Hular da mamanta ta saƙa mata ta yi mata kyau, wannan kawai zan rubuta.

Ta ɗaga hannu ta haɗa yatsu tana buɗewa tana rufewa, bakin agwagwa kenan. Na ɗaga mata babban yatsa. Mamanta ta fito muka tsaya a baranda, muka yi maganar wanki da maganar takalmin Auta da ya matse ta. Ita ba ta tambaye ni ko ina barci ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Laraba, da safe

Litinin da Talata ba su da wurin zama a nan. An kira ni, na bar ɗalibi a gefen titi da makulli a hannunsa, na tafi. Abin ya lafa yanzu. Likita ya ce mu jira.

Sai da na dawo gida na ga na'urar a kan firij, inda na ajiye ta tun Lahadi. Na ɗauko ta da sauri. Na kunna, na sami Kawu a bakin tafki ta juya mini baya. Na watsa hatsi, ko kallo bai ishe ta ba. 'Yan zukatan da ke saman kanta, waɗanda ke nuna shaƙuwa, sun ragu. Kyaftin ta san adadinsu fiye da yadda ta san jadawalin lissafi.

Jiya da muryarta ta dawo, mamanta ta kara mata waya a kunne. Ba ta ce sannu ba, ba ta ce ina Auta ba.

"Kawu fa?"

Na ce lafiyarta ƙalau, har ta yi ƙiba.

Alhamis, wajen azahar

Akwai dabara, kuma ni na koya wa mutane ita. Tana nan a shafina, rubutun da aka fi karantawa: in ka yi fashin kwana biyu, ka shiga agogon na'ura ka mayar da shi baya, ka ba dabbarka abinci, ka tura gaba kwana ɗaya, ka sake ba ta, har ka iso yau. Gem ɗin ba ya ganewa. Na rubuta har da gargaɗi a ƙasa cewa a yi shi a natse.

Ni a mota na yi shi, a bakin titi, waya a maƙale a kafaɗa ina jiran mamanta ta ɗauka, malamar makaranta tana ƙwanƙwasa mini gilashi wai lokacinta ya fara tafiya. Kwanan wata layi uku ne a jere, rana da wata da shekara. Na mayar da baya daidai, na ba ta abinci. Wajen turawa gaba yatsana ya sauka a layin ƙarshe. Ban duba ba, na buɗe gem.

Ciyawa har bakin ƙofa. Yanar gizo-gizo a tagar gidan. Lambun ya bushe ƙurmus. Maƙwabcin Kyaftin, wani tsoho mai kwale-kwale, ya tare ni a hanya yana cewa shekara guda cur, ina kika shiga? Na ruga bakin tafki, na ruga kan gada, na zagaya bayan gida. A ƙasan allo 'yar alamar nan tana juyawa, gem ɗin yana adana abin da ya faru.

Babu Kawu.

Malamar ta shigo ta zauna, ta gyara madubi, ta dube ni ta ce ko ba ni da lafiya ne. Na ce mu je. Yau ba ta kashe mota ko sau ɗaya ba, kuma ban yaba mata ba.

Alhamis, da magariba

Na sake zagaya tafkin. Na san babu, na sake dai.

Juma'a, da hantsi

Na sa tambaya a shafi. Na ce wani abokina ne ya tura agogo shekara guda bisa kuskure, agwagwar 'yarsa ta tafi, ko akwai wanda ya san mafita. Baban Tagwaye ne ya fara zuwa, ya tambaya ko abokin nawa shi ma tuƙi yake koyarwa. Ban ji haushi ba. Da wani ne ya yi, da na fi haka tsokana.

Wata mai karatu da ke kiran kanta Nas, wadda ta fi mu duka sanin gem ɗin, ta rubuto dogon bayani. Ta ce dabbar da aka yi wa dogon fashi haye tafki take yi, kuma ba ta taɓa jin wanda tasa ta dawo ba. Ta ce kada abokina ya kuskura ya mayar da agogon baya yanzu, don tsallen shekara ba irin na kwana biyu ba ne, yana iya lalata abin da ya rage a gidan. Ya bar shi inda yake. A ƙarshe ta ƙara layi ɗaya, ta ce abokin naka ya faɗa wa yarinyar gaskiya, yara sun fi mu iya ɗaukar irin wannan.

Ita ba ta san inda yarinyar take ba.

Don haka na'urar tana baɗi. Duk lokacin da na kunna, kwanan watan yana nan a kusurwar sama. Ina sa babban yatsana in rufe shi. Tun da aka fara wannan abu ban yarda na yi tunanin watan gobe ba, balle wata shekara.

Asabar, bayan azahar

Na ce bari in gyara abin da zai gyaru. Na cire ciyawar ƙofar gida, na share yanar taga, na shiga ciki, wanda ban yi ba tun ranar.

A kan tebur akwai kek. Na manta cewa ranar da muka fara gem ɗin ya tambayi ranar haihuwarta, ita da kanta ta danna. A cikin shekarar da na tsallake ranar ta zo ta wuce, maƙwabta suka kawo kek suka ajiye, kyandirori suna ci, suna jiran mai gida ta zo ta hura. Na ƙirga su ba da son raina ba. Goma.

Na kife na'urar a kan kujera na fita. Na wanke motar koyarwa ciki da waje, na dawo na sake goge gilashin da na riga na goge. Yaya ta leƙo ta taga ta ce in na gama da motar, bangon ma yana da datti. Na ci gaba da gogewa. Da na shigo na tarar ta ajiye mini shayi, ta ɗauke Auta sun fita.

Tsoro nake ji. Na rubuta, ga shi nan.

Litinin, da yamma

Na faɗa wa mamanta a baranda. Na yi zaton faɗa za ta yi, har na shirya. Ta jingina da bango ta rufe ido. Ta ce kullum da safe, kafin a zo ɗaukar jini, labarin Kawu suke yi don yarinyar ta miƙa hannu ba gardama: me Kawu take yi yanzu, ta je gada ko tana wanka. Ta ce da wannan agwagwar take lallaɓa ta ta haɗiye magani.

"Abu ɗaya ta roƙe ka," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

Na ce a kasuwar gem ɗin ana samun agwagwa fara mai kama da ita sak, zan saya in sa mata sunan. Ta buɗe ido ta ce, kai ka haifi yarinyar nan amma har yau ba ka san ta ba. Sannan ta koma ciki, don an kira ta.

Na saya duk da haka.

Laraba, da safe

Sabuwar tana cin abinci, tana iyo, tana da suna Kawu a saman kanta. Amma ba ta bin kowa. In na nufi gada sai ta tsaya tana tsince-tsincenta, kamar ba ta san ni ba, kuma gaskiyarta.

A waya Kyaftin ta tambaya ko har yanzu Kawu tana rakiya zuwa gada. Na ce sosai ma. Ta ce in gaishe ta. Muryarta ƙarama ce ƙwarai, sai na toshe ɗaya kunnen kafin in ji.

Juma'a, tsakar rana

Ƙarya ta fi tuƙi gajiyarwa. Ɗalibi ya tambaye ni hannun da zai bi, na ce masa lafiyarta ƙalau.

Lahadi, da la'asar

Na buɗe shafi da niyyar rubuta wani abu, ko na minti biyar ne. Na ƙare a kan tsohon rubutun dabarar agogo. Na so in goge shi gaba ɗaya, sai na fasa, na ƙara layi ɗaya a samansa: kada ku yi wannan a cikin mota. Baban Tagwaye ya zo, wannan karon bai yi tsokana ba. Ya ce, Malam, ko me ke nan, muna tare da kai. Na rufe kwamfutar da sauri.

Litinin, da yamma

Jira ya ƙare, an sa rana. Alhamis da safe za a shiga da ita ɗakin tiyata. Likita ya zaunar da mu ya yi bayani da zane a takarda, na gyaɗa kai daga farko har ƙarshe, mamanta ce ta yi tambayoyin.

Da zai tashi ya ce yarinyar ta dame shi da maganar wata agwagwa. Ya ce ranar Laraba a kawo na'urar, za a goge ta da magani a sa a leda, ta yi wasa na ɗan lokaci, ni ma in shiga. Yana murmushi, shi a ganinsa kyauta ya yi mana. Mamanta ba ta dube ni ba.

Talata, da hantsi

Na yi tunanin in ce ta faɗi ta fashe. Na yi tunanin in ce Auta ta jefa ta a bokiti. Yaya ta ce in na ɗora wa 'yar shekara biyu laifina, ita da kanta za ta je asibitin ta tona. Na sa na'urar a caji.

Laraba, bayan la'asar

Na shiga. Rabona da in taɓa hannunta tun ranar da ta miƙo mini na'urar. Na zauna a bakin gado, ledar tana ƙara a hannunta, mamanta tana tsaye wajen taga ta ba mu baya.

Ban rufe kwanan watan ba. Ta nufi bakin tafki kai tsaye. Agwagwar tana nan fara tas. Kyaftin ta je kusa da ita, ta taka zuwa gada, ta tsaya, ta waiwaya. Ta dawo ta sake gwadawa. Sannan ta ajiye na'urar a cinyarta.

"Wannan ba Kawu ba ce."

Na ce eh, ba ita ba ce. Na faɗa mata duka, fashin da na yi, da dabarar, da layin da yatsana ya taɓa, da ƙaryar da nake mata a waya. Na ce Kawu ta haye tafki kuma ba na jin za ta dawo. Takunkumin ya jiƙe. Ta yi kuka mara sauti, hawaye yana gangarawa cikin kunnenta, ta ƙi yarda in share. Ta ce na ce mata har ta yi ƙiba. Na ce na faɗa. Ta juya fuska bango, ta bar ni da bayan hula. Na zauna ina kallon robar ƙarin ruwa tana ɗiga, ina jin na karya abin da za ta riƙe gobe.

Can ta jawo na'urar ba tare da ta dube ni ba. Na ji ƙarar ƙofar gidan gem ɗin ta buɗe. Ta tsaya a gaban tebur. Na ga leɓenta yana motsi, tana ƙirgawa.

"Baba, yaushe ne a nan?"

Na ce baɗi ne. Na ce ta yi haƙuri, zan nemi yadda za a gyara a dawo da shi yau.

"Kar ka taɓa."

Ta juyo da allon wajen mamanta. A gem ɗin in ka daɗe ba ka shiga ba, gashin ɗan mutum-mutuminka yana tsawo ya yi buzu-buzu. Ni ban ma lura ba, ina ta neman agwagwa.

"Mama, zo ki ga. Ina nan a baɗi. Dubi gashina."

Mamanta ta zo ta duba. Ta ce lallai kam, wannan kai sai an yi zaman tsifa. Muryarta ba ta yi rawa ba, ban san yadda ta yi ba.

A allon an rubuta cewa a danna a hura kyandir. Yatsanta ya je kan madannin ya tsaya. Ta janye shi, ta miƙo mini na'urar da hannu biyu, kamar ranar farko. Ta ce ita dai ba ta huce ba, kada in ɗauka ta huce. Ta ce baƙuwar agwagwar ba ruwanta, in riƙa ba ta abinci, amma in canja mata suna, don Kawu ɗaya ce.

"Kek ɗin kuma kar ka hura mini. Ni zan hura in na iso."

Alhamis, da safe

An shiga da ita. Mamanta tana kan benci da hular a hannu, Yaya ta kira ta ce Auta ta ci abinci.

Na ba baƙuwar hatsi. Na shiga gidan na tsaya a gaban tebur, ban taɓa komai ba. Duk goman suna ci. Kwanan watan yana kusurwar sama, yau ban rufe shi ba.

Batir ya yi ja. Na bi baranda ina dubawa har na sami soket a bayan injin ruwan sha, wayar cajar gajera ce, don haka a ƙasa nake zaune. Wata ma'aikaciya ta ce akwai kujera a can gaba. Na ce mata na gode, nan ya yi mini.